Ubangida ko Ɗan Sa-kai: Wa Zai Riƙe Samarinmu a Borokiri?

Da wuya tirelar shanu ko ta albasa ta taso daga Arewa ta iso Fatakwal ba tare da samari a saman kaya ba. Wasu 'yan ci-rani ne, ruwa na sauka za su koma gona. Wasu kuwa zuwan ke nan, sai dai a riƙa jin labarinsu a waya. A cikinsu akwai magidanta, akwai kuma waɗanda ko gashin baki bai fito musu ba. Da yaro ya diro daga mota, abin da manya ke fara tambayarsa shi ne, "Wurin wa ka zo?" Amsar da ya bayar ita ke nuna inda zai kwana a daren, kuma sau da yawa ita ke nuna irin mutumin da zai zama nan da shekara goma.

Wannan tambaya ta fi nauyi a wuri irin Borokiri. Unguwar tana can ƙarshen kudancin tsohon garin Fatakwal, ruwa ya kusa zagaye ta, kuma mafi yawan mazaunanta mutanen bakin ruwa ne, Okirika da Kalabari da sauran dangin Ijo, sai baƙi daga ko'ina. Bahaushe a nan a warwatse yake: mai shayi a wannan kwana, mai tsire a waccan, maigadi a ƙofar wani gida, masu kayan gwari da masu turin baro a wajen kasuwar Creek Road, 'yan bola jari suna ratsa lunguna. Babu zango guda mai dattawa a bakin hanya irin Sabo ta Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri, inda idon unguwa kaɗai kan isa ya tsare yaro. Saboda haka wanda bai samu babban da ya riƙe shi ba, titi ne zai riƙe shi. Titin Fatakwal kuwa yana da masu ɗaukar yara, domin sunayen ƙungiyoyin asiri irin su Deebam da Icelanders ba baƙi ba ne a kunnen mazauna garin.

Hanya biyu ce babba ke bi ya riƙe yaron da ba shi ya haifa ba. Ta farko tsohuwa ce, ita ce ta ubangida da yaronsa. Ta biyu ba ta daɗe da shigowa cikinmu a tsare ba, wato mutum ya sa kansa, ba a biya shi ba, ba ya kuma neman aikin yaron, ya ware lokaci don ya zame masa jagora. Kowacce tana da masu yabonta. 'Yan boko kan ɗauki ta farko bauta ce da aka sa wa riga, 'yan kasuwa kuma kan ɗauki ta biyu surutu ne na waɗanda ba su san zafin nema ba. Ya kamata a auna su da ma'auni ɗaya.

Zaman Hausawa a wannan yanki ya girmi Najeriya mai 'yanci. Turawa sun kafa Fatakwal a 1912 domin fitar da kwal ɗin da aka gano a yankin Inugu, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916, aka ci gaba da shimfiɗa shi zuwa Arewa har aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Shanu da fatake suka biyo jirgi, suka yi saiwa a Inugu da Umuahiya da Aba da Fatakwal, kamar yadda wasu suka biyo kogin Kwara suka sauka Anaca. A shekarun 1950 har wani ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko ta hanyar zaɓe. Duk wannan zama a kan tsarin ubangida aka gina shi.

Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda abin ke tafiya, kuma bayaninsa ya dace da sauran zangunan Kurmi. Falke ya kawo shanu daga Arewa, bai san mahautan gari ba, su kuma ba sa saye sai bashi. Maigida shi ke sauke falken, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya kuma tsaya a kan bashin. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da yara amintattu, masu aike da masu karɓo kuɗi da dillalai. Yaro kan fara da ɗaukar buta da kai abinci, ya koyi kallon sa ya faɗi kuɗinsa, ya san mahaucin da ke biya da wanda ke wasa da hankali, ya zama dillali, maigida ya yi masa aure, wata rana shi ma ya sauke nasa baƙin. Ko da kasuwa ta sauya, ƙashin bayan tsarin yana nan a wurin mai shago da mai tsire da mai tirela da ɗan canji.

Alherin ubangida na farko shi ne yana farawa daga ciki. Ranar da yaro ya zo, ranar zai ci abinci ya samu tabarma. Na biyu, koyarwarsa ba ta bukatar allo. Yaron mai tsire yana koyon yanka da haɗin yaji da lissafin riba ne da hannunsa, yana kuma koyon yadda ake magana da mai saye da ya sha ya bugu ba tare da an yi faɗa ba. Na uku, wanda ya fi duka tsada, shi ne suna. A kasuwa idan aka ce "yaron Alhaji ne", an ba shi kaya bashi, an bar masa jiran shago, in 'yan sanda sun yi kame akwai mai zuwa beli. Na huɗu, daɗewa. Ubangida yana ganin yaronsa safe da yamma, shekara da shekaru, har ya san sauyin fuskarsa. Ranar tashin hankali kuma, irin wadda aka gani a Anaca a watan Fabrairun 2006 ko a Oyigbo a watan Oktoban 2020, bambanci ne babba tsakanin yaron da ke da mai ƙirga shi cikin mutanensa da wanda ko ya ɓace babu mai cigiya.

To amma duk wannan alheri yana ɗaure da igiya ɗaya, ita ce bukatar ubangida. Yana riƙon yaro ne saboda yaro yana masa amfani, kuma ranar da amfanin yaro da na maigida suka raba hanya, an san wanda zai yi rinjaye. Babbar ɓarakar tsarin ita ce rashin wa'adi. Ba a cewa shekara kaza za ka yi, ba a cewa ga abin da za a sallame ka da shi, ba a kiran shaidu. Komai ya rataya a kan "in Allah ya yarda zan duba ka". Mai tsoron Allah yakan duba, ya yi wa yaro aure, ya ba shi jari. Wani kuwa sai ka tarar da mutum ya haura talatin, yana da 'ya'ya a gida, har yanzu kuɗin abinci ake miƙo masa kullum, in ya yi maganar tsayawa da ƙafarsa a ce ya yi butulci.

A nan maƙwabtanmu Ibo sun fi mu tsari. A babbar kasuwar Anaca da ta kayan gyaran mota a Nnewi, kafin yaro ya bi Oga sai iyalan biyu sun zauna an yanke shekaru, yawanci tsakanin 5 da 7, da sharaɗin in ya cika za a sallame shi da jari ko shago. Su ma akan samu Ogan da zai laƙa wa yaro sata ana dab da sallama don ya kuɓuce wa alkawari, amma aƙalla akwai alkawarin da kowa ya ji, akwai kuma dangi da ƙungiyar kasuwa da za a kai wa ƙara. Mu kunya ta hana mu yanke magana tun farko, sai mu ƙare da ƙorafi a ƙarshe.

Akwai wasu giɓi biyu. Ubangida abin da ya sani kaɗai yake koyarwa. In bai yi boko ba, da wuya ya saki yaro awa biyu ya je ajin dare, domin awa biyun nan asara ce a shago. Sannan akwai maganar da yaro ba zai taɓa kai masa ba. Wanda ya fara haɗiyar ƙwaya don ya jure turin baro, ko abokai suka fara jan sa cikin wata ƙungiya, ya san in Alhaji ya ji kora ce. Sai ya yi shiru har abin ya fi ƙarfinsa. Wannan kuwa ba ƙaramar matsala ba ce. Binciken da gwamnatin Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya cikin shekara guda.

Kuma tsarin kansa yana raguwa. Waya da tura kuɗi ta banki sun rage bukatar maigidan da ke ajiye wa falke kuɗi. A sana'o'i irin bola jari, wanda ake kira ubangida sau da yawa mai sikeli ne kawai: ya ba da kura da ɗan kuɗin sayen kaya da safe, ya auna da yamma, inda yaro ya kwana ba ruwansa. Masu yankan farce da masu wankin takalmi da 'yan ga-ruwa kuwa da yawansu ko irin wannan ba su da shi.

Sai ɗan sa-kai. A tsare, wannan aiki ya yi suna ne daga Amurka. A 1904 wani akawun kotun yara a birnin New York, Ernest Coulter, ya lura yara iri ɗaya ake ta kawowa gaban alƙali, sai ya nemi magidanta su sa kansu kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya zame masa babban wa. Daga nan ƙungiyar da yau ake kira Big Brothers Big Sisters ta samo asali. A wurinmu ma ba a rasa tushe ba. Uwar ɗaki da 'yar ɗakinta tsohuwar alaƙa ce a tsakanin mata, babba ta ja ƙarama a jiki ba don jini ba. 'Yan agajin Fityanul Islam da na Jama'atu Nasril Islam da na Izala duk aikin sa-kai suke yi, haka ƙungiyar ɗalibai Musulmi da aka kafa a Legas a 1954, da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985. A Fatakwal masu iya wannan aiki suna nan: malamin makarantar dare, ɗalibin jami'a, ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Arewa, ma'aikacin kwastan ko na tashar jiragen ruwa, sojan ruwa, mai horar da yara ƙwallo.

Ƙarfin ɗan sa-kai yana daidai inda ubangida ya gaza. Ba ya cin gumin yaron, saboda haka shawararsa ba ta da wata manufa a ɓoye. Yaro zai iya ce masa, "Yaya, wallahi na fara shan abin nan," ba tare da tsoron rasa abinci ba. Yana kuma da makullan da kasuwa ba ta da su: karatu da rubutu, yadda ake yin katin ɗan ƙasa da buɗe asusun banki, yadda ake rajistar jarrabawa, inda ake koyon walda ko gyaran waya ko aikin lantarki, abin da doka ta ce in an kama mutum. Ga haifaffun Kudu musamman, waɗanda Turancin Buroka ya fi Hausa zama a bakinsu, waɗanda in sun je neman gurbin karatu a Ribas a ce su baƙi ne, in sun je garin kakanninsu neman takardar asali a ce ba a san su ba, babban da ya taɓa bin wannan hanya ya fi musu jarin shago amfani. Haka 'yan mata, waɗanda tsarin ubangida bai ma san da zamansu ba.

An gwada amfanin wannan aiki da alƙaluma. A wani bincike da aka fitar a Amurka a 1995, an bi yara 959 masu shekara 10 zuwa 16 tsawon wata 18, rabi an haɗa su da jagora, rabi suna jira. Waɗanda suka samu jagora, yiwuwar su fara shan ƙwaya ta ragu da kashi 46 cikin 100, ta fara shan giya da kashi 27. Sai dai a lura da irin aikin da ya haifar da wannan sakamako. An tantance manyan kafin a ba su yara, an horar da su, akwai mai bibiyarsu, kuma suna haɗuwa da yaran kusan sau uku a wata, na sa'o'i.

Da aka sake nazarin bayanan a 2002, Jean Grossman da Jean Rhodes suka gano abin da ya kamata duk mai niyyar wannan aiki ya ji. Yaran da alaƙarsu ta kai shekara ko fiye su suka fi amfana. Waɗanda aka watsar kafin wata uku kuwa, darajar da suke ba kansu da amincewarsu da ƙoƙarinsu a makaranta raguwa suka yi. Tun kafin nan, wani shiri da aka fara a 1939 a garuruwan Cambridge da Somerville na Amurka ya haɗa ɗaruruwan yara maza da ma'aikata masu ba da shawara na kimanin shekara biyar. Da Joan McCord ta bi sawunsu bayan shekara 30, ta tarar waɗanda aka yi wa hidimar sun fi takwarorinsu faɗawa shaye-shaye da maimaita laifi da mutuwa da wuri. Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta wadatar ba, tana ma iya yin ɓarna.

A nan ne raunin ɗan sa-kai yake a Borokiri. Mafi yawan masu ilimin da za su yi aikin ba mazauna ba ne. Ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya gare shi, ma'aikaci ana iya sauya masa wurin aiki gobe, ɗalibi yana gamawa zai tafi. Yaron ma in ɗan ci-rani ne, watan Mayu na yi ya kama hanya. Sannan ɗan sa-kai ba shi da abinci a hannu. Yaron da bai karya ba, aka ce ya bar baro ya zo aji, an ɗora masa zaɓin da bai kamata a ɗora masa ba. Ga kuma wata cuta da ta kama aikin alheri a zamanin nan: a tara yara ranar Asabar, a yi musu jawabi, a raba lemo, a ɗauki hoto a sa a Facebook, a watse sai baɗi. Wannan taro ne, kuma taro ba ya renon kowa. Dole kuma a faɗi wadda ba a son faɗi: ba duk babban da ke neman kusantar yara ne ke da niyyar kirki ba. Ubangida aƙalla kasuwa ta san shi, ta san garinsu. Baƙon da ya zo da murmushi da littafi, wa ya tantance shi?

In aka ɗora su a sikeli, ta fuskar ci da sha da sana'a ubangida ya yi nisa. Ta fuskar daɗewa ma shi ne gaba. Ta fuskar gaskiyar shawara da buɗe wa yaro ƙofar da ta wuce shago, ɗan sa-kai ya fi. Ta fuskar wanda ake isa gare shi, ubangida yana zaɓen ɗan garinsu da ɗan ɗan'uwansa da mai ƙarfin aiki, ɗan sa-kai kuwa zai iya zuwa wurin wanda kowa ya tsallake. Ta fuskar haɗari, na ubangida shi ne ya riƙe yaro ya ƙi saki, na ɗan sa-kai shi ne ya saki tun bai riƙe ba.

A ganina, a wuri irin Borokiri ubangida ne ginshiƙi, kuma duk shirin da ya zo da niyyar ture shi zai faɗi, domin yaro ba zai bar mai ba shi tuwo ya bi mai ba shi shawara ba. Ɗan sa-kai da ya shigo yana kallon Alhaji a matsayin azzalumi, Alhaji zai ce ya zo hure wa yaronsa kunne, kuma a ranar za a rufe masa ƙofa. Wanda ya fara zuwa ya durƙusa ya gaida maigida, ya ce, "Alhaji, ina roƙon a ara mini shi bayan Isha'i sau biyu a mako, ya koyi rubuta lissafin shago," ya fi kusa da samun biyan bukata, don ya nuna wa maigida ribarsa a ciki. Matsayin da ya fi dacewa da ɗan sa-kai shi ne na mutum na uku: wanda yaro zai kai wa abin da ba ya iya faɗa wa ubangida, wanda kuma zai zama shaida a kan alkawarin da ke tsakaninsu. Ga yaran da ba su da kowa, babban aikinsa shi ne ya nemo musu ubangida nagari, ya ci gaba da leƙawa.

Wannan ba ya bukatar kuɗin wata hukuma daga waje. Sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai da shugabannin 'yan kasuwa a Fatakwal da Anaca da Inugu suna da ikon yin abu uku. Su buɗe littafin da za a rubuta duk yaron da ya sauka, da garinsu, da wanda ya karɓe shi. Su mayar da shi al'ada cewa ba a ɗaukar yaron shago sai an faɗi shekaru da abin sallama a gaban liman da shaidu biyu, a rubuce, da boko ko da ajami. Su kuma tantance masu son sa kai, a ba kowa yaro biyu ko uku kacal, haɗuwa ta kasance a fili, a harabar masallaci ko makaranta ko bakin shago, mata kuma su riƙe 'yan mata.

Kai kuma mai karatu da ke zaune a Kudu, kana da sana'a ko albashi, kana jin sha'awar wannan aiki, ka yi wa kanka hisabi kafin ka kira yaron kowa. In ka san ba za ka kai shekara guda kana ganinsa kowane mako ba, ka ba da gudummawar kuɗin allo da fitila, ka bar riƙon ga wanda zai zauna. In kuwa za ka iya, kada ka jira a kafa ƙungiya. Yaron da ke goge maka takalmi ko yake kawo maka ruwa ya isa mafari: ka san sunansa da garinsu da inda yake kwana, ka nemi wanda ya kawo shi, ka fara daga nan.